Allon Jirgin Feshi a Ƙofar Zaurenmu

Yayana Kyari bai taɓa hawa jirgin sama ba ko sau ɗaya, amma ƙarfinsa duk a gindin jirage ya ƙare. Shi ne mai gadin filin jirgi na Nguru tun kafin a sami mulkin kai. In na ce filin jirgi kada wani ya ɗauka wani abin a zo a gani ne. Fili ne aka share a bayan gari, da rumfar kwano guda, da gangunan mai a jere, da wani dogon buhu a kan sanda mai nuna inda iska ta dosa. Aikin Ya Kyari shi ne korar awaki da jakuna, da cike ramukan gafiya, da sare ƙaya. In jirgi ya sauka shi ke mirgino ganga, ya tace mai, ya goge gilashi. Daga nan sai ya zura kai ciki da ɗan tsummansa mai laushi, ya share rairayin da ya kwanta a kan allon da ke gaban matuƙi, inda agogunan jirgi suke jere.

A wurin wannan sharar ya koyi abin da ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda ya gode masa. Bai yi boko ba, lambobin da ke cikin agogunan ba su ce masa komai, amma ya san zaman kowane allo yadda mace ta san jeren kwanukan ɗakinta. Yakan ce shi ba ya yarda da fenti, domin jirgi ɗaya sai ya zo bana fari, baɗi ya dawo rawaya, amma allonsa yana nan yadda yake. Jirgin likita allonsa mai faɗi ne, agoguna sahu biyu, rediyo a tsakiya, sitiyari biyu. Na masu auna ƙasa inji biyu gare shi, saboda haka komai na allonsa tagwaye ne. Shi kuwa ɗan jirgin feshi, mai zuwa da kaka don kashe tsuntsayen jan baki, allonsa ɗan ƙarami ne, samansa a lanƙwashe, agoguna biyar, babu sitiyari sai sanda a tsakanin ƙafafun matuƙi. Wannan jirgin Ya Kyari ya raɗa masa suna Mazari, sunan kuwa ya bi shi har masu jirgin ma suka kama.

Mutanen gari suka mai da shi abin dariya, suna kiransa Kyari Agogo. Amma da an ji ƙugin jirgi ya sauka, su ɗin dai masu dariyar ne ke aikowa a tambaye shi ko na magani ne. In ya ce Mazari ne, sai a rufe rijiyoyi, a janye dabbobi daga fadama, masunta su dawo gida da wuri. Mu kuwa a gida mun sha labarin allo har ya fita daga ranmu. Sai ya tsuguna a tsakar gida yana zana ramuka a ƙasa da yatsa, yana nuna wa Iya inda agogon tsayi yake da inda na mai yake, ni kuma ina gefe ina ce masa tuwo ya huce, in agogo zai ci ya faɗa mini in ɗauke kwanona.

Mu uku ne Iya ta haifa muka rayu: Kyari, sai Abbagana, sai ni Zainabu auta. Yadda Ya Kyari yake da nauyin baki, haka Abbagana yake da surutu. Masunci ne, ya san fadamar da ke tsakanin Nguru da Gashuwa lungu-lungu, ya san inda jan baki ke kwana a cikin dogayen ciyayin ruwa da muke kira kacala. Wanda bai ga jan baki sun sauka a gonar gero ba, ba zai gane yadda manomi ke tsanar su ba. Sukan zo su rufe rana, kafin ka gama ihu da kaɗa gwangwani sun bar maka kara tsaye. Don haka da matuƙin Mazari, wani Bature da muke kira Jan Wuya, ya ce yana neman wanda zai nuna masa makwancinsu daga sama, Ya Kyari da bakinsa ya ce yana da ƙane. Kujera biyu ce a jirgin, ɗaya a bayan ɗaya, tankin magani kuma a ƙarƙashin ciki. Abbagana yakan zauna a baya, tun da ƙara ba ta barin magana, sai ya dafa kafaɗar dama ko ta hagu, Jan Wuya ya karkata can.

Akwai wani abu ɗan ƙarami da ya faru a shekarar farko ta wannan aiki, wanda a lokacin ba mu ɗauke shi a bakin komai ba. Bakaniken jirgin ya so ya ƙara agogo na shida, mai nuna ƙarfin feshi, babu kuwa gurbinsa a allon. Sai ya kwance allon, ya sa Ya Kyari ya danne masa shi a kan ganga, ya huda sabon rami da hannu a ƙasa ta hagu. Magagari ya zame masa, ya ci gefen ramin, ya bar ɗan giɓi. Bakanike ya yi tsaki ya ce fuskar agogo za ta rufe. Ya Kyari ya zo gida ya ba mu labarin giɓin nan har sau nawa, kamar wanda aka yi wa haihuwa.

A shekara ta biyu da fara yaƙin basasa, da kaka, gero ya nuna, Mazari ya tashi bayan la'asar da Jan Wuya da Abbagana, suka nufi wajen Gashuwa. Magariba ta yi ba su dawo ba. Washegari ma shiru. Aka turo wani jirgi ya yi shawagi a kan fadama, amma ruwa ya cika a shekarar, tun daga nan har inda ido ya tsaya ruwa ne da kacala, bai ga komai ba ya koma inda ya fito. Masunta abokan Abbagana suka shiga da kwalekwale suka yi iya yinsu, suka dawo hannu wofi.

A nan ne Yuguda ya shigo. Maƙwabcinmu ne, katanga ɗaya ta raba mu, sa'an Ya Kyari, ba shi da sana'ar da ta wuce zaman tasha da jin rediyon mutane. Shi ya fara cewa ai ya ji ana sayen ƙananan jirage a kudu, Turawa masu kwaɗayi suna gudu da su suna kai wa 'yan tawaye. Bai ce Abbagana ya tafi ba, a'a, shi Yuguda ba ya faɗin abu kai tsaye. Tambaya kawai yake yi. Me ya sa ba a ga ko ɓallin jirgin ba? Wa ya zuba masa mai? Wa ya kawo ƙanensa aikin? Kafin kasuwa ta zagayo, tambayar Yuguda ta zama labari a bakin kowa, har da mai cewa an ga Abbagana a can sanye da kaki, har da mai cewa shi ke nuna musu garuruwanmu daga sama. A lokacin kusan kowace unguwa tana da ɗa a bakin daga, wasu ma an riga an aiko da labarin rasuwarsu. Ka ga ke nan irin idon da aka fara kallonmu da shi.

Wasu masu kaki suka zo daga babban birni suka tafi da Ya Kyari. Ya gaya musu abin da ya sani. Ya ce shi ya tace man da hannunsa, rabin tanki ne, domin jirgin ba ya iya ɗaukar magani da mutum biyu da cikakken mai. Ya ce ko Bauchi man nan ba zai kai su ba, balle kudu. Suka ce wa ya tambaye shi lissafi. Da suka gaji da riƙe shi suka sake shi, ba su ce ya yi laifi ba, ba su kuma ce bai yi ba, wannan kuwa ya fi ɗauri muni. Ya dawo ya tarar an ba wani gadin filin. Ba sai na faɗi ko wane ne ba. Yuguda ne, mutumin da bai san bambancin jirgin likita da na feshi ba ko da ya kwana a cikinsu, har ya taɓa sa aka rufe rijiyoyin gari saboda likita ya zo duba masu ciwon ido.

Abin da aka yi wa Ya Kyari na iya haɗiyewa. Abin da aka yi wa Iya ne har yau na kasa haɗiyewa. Iya ungozoma ce, rabin unguwarmu hannunta ne ya fara wanke su, har shi Yugudan. Daga wannan shekarar aka daina kiranta. Mace tana naƙuda a gidan da ke jikin namu, sai a tsallake ƙofarmu a tafi wata unguwa neman ungozoma. Da salla kwanon tuwo ya daina shigowa, wanda muka aika kuma a dawo mana da shi ba a ko buɗe ba. Gidan yarinyar da Abbagana zai aura suka aiko da kayanmu a kan jaki da rana tsaka, don kowa ya gani. Iya ta aika wa liman ta ce a taru a yi wa ɗanta addu'a, domin ita jikinta ya ba ta ya mutu. Liman ya ce ba gawa, ba shaida, ba zai sa a yi sadakar mutumin da ake cewa yana raye ba. Na san a kan ƙa'ida yake, amma na daɗe ban gaishe shi da daɗin rai ba. Haka Iya ta zauna, ba ta da ɗa a raye, ba ta da mamacin da za a zo a yi mata gaisuwarsa. A cikin waɗannan shekaru idanunta suka tafi.

Ni sana'ata kifi banda. Ina sarowa a Gashuwa, in kawo Nguru, a loda a jirgin ƙasa zuwa kudu. Da Ya Kyari ya rasa aiki sai ya dawo yana ɗaure mini kwanduna, babban mutum da furfura ta fara fito masa. Bai taɓa ɗaga murya a kan kowa ba. Yakan gamu da Yuguda a masallaci ya ba shi hannu. Wannan haƙurin nasa ya fi komai ƙona mini rai, na sha gaya masa cewa da ni ce namiji da tuni an raba mu da Yuguda a gaban alƙali. Sai ya ce, “Zainabu, zagi ba zai fito da jirgi ba.” Abu ɗaya kawai ya ɗora wa kansa. Duk kasuwar da muka shiga, sai ya bi rumfar maƙera da masu tsofaffin ƙarafa yana jujjuya tarkace, ana ce masa Kyari Agogo ya zautu.

Yaƙi ya ƙare, sojoji suka dawo, aka ce an yafe wa kowa. Har waɗanda suka yi tawayen da gaske suka dawo Nguru suka buɗe shagunansu, ana ciniki da su ana dariya. Mu kaɗai ne yafiyar ba ta iso ƙofarmu ba, sai ma aka sake sabon zance, wai kunya ce ta hana Abbagana dawowa. Ana nan sai babban farin nan ya zo, ruwan sama ya ƙi, kogi bai kawo ba, tafkunan da kakanninmu ba su taɓa ganin ƙasansu ba suka bushe suka tsattsage. A shekarar ne na lura sababbin tukwane da ludaya na farin ƙarfe sun yi yawa a kasuwar Gashuwa, ga araha. Har na sayi ludayi ɗaya. Ban kawo komai a raina ba.

Wata safiya muna tashar Gashuwa, ina tsaye a kan 'yan kwandunana, don kifin ma ya yi wuya, Ya Kyari ya ce bari ya sha shayi kafin mota ta cika. Mai shayin wani ɗan ƙabilar Tibi ne, Aondona, tsohon soja da aka sallama saboda harsashi ya lalata masa ƙafa. Na hango Ya Kyari ya isa gaban teburin ya tsaya ƙyam, bai zauna ba, bai yi sallama ba. Na ɗauka jiri ne ya kama shi, na bar kayana na nufe shi. Abin da yake kallo wani farin ƙarfe ne da Aondona ya ɗora a kan katako biyu, mai ramuka zagayayyu, ya zura kofuna a ciki don kada iska ta kifar da su. Babu agogo ko ɗaya a jikinsa, ramuka ne kawai. Samansa a lanƙwashe, biyar a jere yadda Ya Kyari ya sha zana mana a tsakar gida, na shida kuma a ƙasa ta hagu, an zura gwangwanin madara a ciki.

Ya Kyari ya sa hannu ya zare gwangwanin, ya bi gefen ramin da yatsa har ya tsaya a kan giɓin.

Aondona ya ce, “Baba, lafiya? Shayi ne ko burodi?”

Ya Kyari ya ce, “Wannan allon Mazari ne. Ni na danne shi aka huda wannan ramin. Ƙanena yana cikin jirgin nan.”

Ni ce na yi sauran bayanin, kuma na yi shi da ƙarfi yadda duk tashar za ta ji. Aondona ya saurara har na gama. Sai ya kwashe kofunansa ɗaya bayan ɗaya ya jera a ƙasa, ya goge ƙarfen da gefen rigarsa, ya miƙa wa Ya Kyari da hannu biyu. Ya ce, “Ni na je yaƙin nan, Baba, rabin ƙafata tana can. Da sun tambaye mu da muka je, da mun gaya musu ba a zuwa can da rabin tanki.” Ya ce wani makiyayi ne mai suna Bobboi, mai shan shayi a wurinsa ran kasuwa, ya ga iska tana ɓarar masa da kofuna ya kawo masa ƙarfen kyauta.

Muka bar kifi a hannun Aondona muka nemi Bobboi. Da farko ya ce shi bai san zancen ba, a hanya ya tsinta. Sai da Ya Kyari ya rantse masa cewa ba hukuma ce ta aiko mu ba, uwa ce makauniya take jira a gida, sannan ya sunkuyar da kai ya faɗi gaskiya. Ya ce lokacin da farin nan ya matsa, ya kora sauran shanunsa cikin wani tafki mai zurfi da ya ƙafe, yana neman ɗan ɗanyen da ya rage. A tsakiya ya ga jirgin, hancinsa a kafe cikin busasshen laka, da ƙasusuwan mutum biyu a kan kujerunsu. Shi da 'yan'uwansa suka haƙa kabari biyu. Ba su san wane ne Musulmi a ciki ba, don haka suka yi wa duka biyun salla, suka fuskantar da su gabas. Suka yi shiru da bakinsu, domin sun san wanda ya kai irin wannan labari shi ake fara kullewa. Daga baya maƙera suka ji ƙishin-ƙishin, suka bi sawu da jakuna suka yayyage jirgin. Ashe tukwanen nan masu araha jirgin ɗan'uwana ne. Mutane suna ta dafa tuwo a cikin shaidar da aka ce babu, ni kaina ina kwasar miya da ita.

Na so in yi fushi da Bobboi saboda shirun da ya yi, na kasa, tun da shi ya rufa wa Abbagana asiri a lokacin da maƙwabtanmu ke tona shi. Ya kai mu wurin, tare da bulama, wato dagacin ƙauyen da ke kusa, da wasu dattawa biyu don su zama shaida. Ba abin da ya rage na jirgin sai ƙarafan da suka fi ƙarfin maƙera. Kaburburan suna gefe, an jibga musu ƙaya saboda kuraye. Ya Kyari ya tambayi Bobboi na kujerar baya a wanne aka sa shi. Bobboi ya yi ɗan tunani, ya nuna na kusa da wata busasshiyar bagaruwa. Ya Kyari ya ce to wannan ne namu, ya tsuguna a wurin. Da ya gama addu'a ya matsa ya gyara ƙayar da ke kan na Jan Wuya, ya ce shi ma an ce ɓarawo ne, kuma ba shi da kowa a nan da zai ji haushi dominsa.

Da muka koma Nguru, Iya tana zaune a inuwar ɗakinta. Ya Kyari bai yi dogon bayani ba, ya ɗora mata allon a cinya, ya kama yatsanta ya bi da shi rami-rami, har kan giɓin. Ta tuna labarin giɓin, ita da muke zaton ba ta sauraron surutunsa. Ta tambaye shi a ina Abbagana yake zama. Ya ce a baya, ta kan kafaɗar Bature yake hango wannan allon. Ta ce, “Ashe shi ya gani na ƙarshe.” Ta ja gefen mayafinta tana goge shi, sai a lokacin ta yi kukan da ta riƙe tun ranar da jirgin ya tashi.

Liman ya ji shaidar bulama da dattawa, ya ce a sa ranar sadaka. Labari ya zaga gari, ka ga mutane. Waɗanda suka tsallake ƙofarmu shekara da shekaru suka fara aiko da gero da itace, kowa yana cewa dama shi bai taɓa yarda da zancen ba. In kowa bai yarda ba, to wa ya yaɗa shi, aljanu? Na ce wa Ya Kyari mu mayar musu da kayansu yadda suka mayar mana da namu. Ya ce a karɓa. Na ce shi dai ba zai taɓa yin zuciya ba har ya mutu. Sai ya shiga neman igiya.

A al'ada maza a waje suke zama ranar sadaka, a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Da safiyar ranar sai na ga Ya Kyari ya kwashe tabarmin duka ya shimfiɗa su a cikin zaure da farfajiyar da ke bayansa. Sannan ya ɗauko allon ya rataye shi da igiya a bakin ƙofar zauren, ya sassauto shi ƙasa har daidai ƙirjin mutum. Duk wanda zai shiga sai ya tsaya ya dube shi, sannan ya sunkuya ya bi ta ƙarƙashinsa. Wani dattijo ya ce a ɗan ɗaga shi mana, yana tare hanya. Ya Kyari ya ce a nan allon zai zauna. A ranar na san cewa duk shekarun nan da nake zaginsa da sanyin zuciya, tasa ta fi tawa zafi, wuri kawai take jira.

Iya tana bayan zana da mata, ni ina gefenta ina rabon gumba ina leƙe. Duk wanda ya sunkuya sai hularsa ko kafaɗarsa ta taɓa ƙarfen ya yi ƙara, sai Iya ta ce, “Wane ne?” ni kuma in faɗa mata. Liman ya sunkuya. Uban yarinyar da ya aiko da kaya a kan jaki ya sunkuya. Aondona ya zo tun daga Gashuwa da sandarsa, shi kaɗai Ya Kyari ya ɗage wa allon da hannunsa saboda ƙafar.

Can sai ga Yuguda cikin babbar riga. Ya tsaya daga waje ya ɗaga murya yadda na ciki za su ji, ya ce Allah Ya jiƙan Abbagana, shi dama tun farko tambaya kawai ya yi, bai taɓa cewa ga abin da ya faru ba. Ya ce zai zauna a nan waje, ciki ya cika.

Ya Kyari ya ce, “Akwai wuri, Yuguda. Shigo. Ƙofar ke nan, ba mu da wata.”

Yuguda ya daɗe a tsaye yana duban ramukan nan shida, ya waiga ko wani zai cece shi, kowa ya kau da kai. Ya tattare rigarsa ya sunkuya. Ƙarfen ya bugi hularsa ta faɗi, sai da ya durƙusa ya ɗauka.

Iya ta ce, “Wane ne?”

Na ce, “Yuguda ne, Iya.”

Ta ce, “A cika masa hannu. Ni na wanke shi ranar da ya zo duniya, ban wanke shi don ya zauna da yunwa a gidana ba.”

Na cika masa, tun da ita ta ce. Na aika masa da gumba mafi girma a cikin ƙwaryar, ya kuwa cinye.

Iya ba ta ga wata damina ba bayan wannan, amma ta tafi tana da kabarin da take ambata a addu'arta. Ya Kyari bai koma filin jirgi ba, ko da aka zo aka roƙe shi bayan Yuguda ya gaji ya bari. Ya ci gaba da ɗaure mini kwanduna har ƙarfinsa ya ƙare. Kafin ya rasu ya ce mini ya yafe wa kowa, ya ce ni ma in yafe. Na ce masa na ji. Da zan fita sai ya kira ni ya ƙara da cewa, amma kada in bari a taɓa igiyar.

Duk lokacin da igiyar ta tsinke nakan sa sabuwa, ban taɓa ɗaga ta ko da kamu ɗaya ba. Jikokin Yuguda suna shigowa gidanmu ɗibar ruwa, kuma duk wanda ya yi tsayi a cikinsu yakan tambaye ni me ya sa ba za a cire wannan tsohon ƙarfen ba. Nakan ce ya ajiye bokitin ya zauna, in gaya masa tun daga farko.